Gajiyar Ƙwaƙwalwa da Ƙin Abinci: Abin da Binciken Raymond Prince Ke Koya Mana

Jarrabawa ta ƙarato, kuma mun san abin da ke biyo baya: layin kilinik zai yi tsawo. Wannan ya ce kansa na zafi kamar an aza masa garwashi, wancan ya ce ya maimaita layi sau biyar bai san me ya karanta ba, wata ta ce kwana uku ke nan abinci ba ya shiga. A yi gwajin maleriya, a yi na taifod, a ce ba a ga komai ba. Sai raɗe-raɗi ya tashi: ko sammu ne, ko iska ce, ko kuwa lalaci ne kawai.

Akwai likitan da ya yi rubutu a kan wannan matsala tun kafin a haifi iyayen yawancinmu, kuma a kan ɗaliban Najeriya ya yi shi. Ina so mu bi rubuce-rubucensa daki-daki, mu ga abin da ya gano, da inda waɗanda suka biyo bayansa suka yi masa gyara.

Wane ne Prince?

Raymond Prince likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan ƙasar Kanada. Ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta daga 1957 zuwa 1959. A nan ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarinsa tun 1954, inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da wani danginsa yana zuwa karɓar magani, maimakon a kulle shi. Daga baya Prince ya zama malami a Jami'ar McGill da ke Montreal, yana nazarin yadda al'ada ke shafar ciwon ƙwaƙwalwa.

A 1960 ya wallafa maƙala a kan wani ciwo da ya riƙa gani a jikin ɗalibai. Ya kira shi brain fag, wato gajiyar ƙwaƙwalwa. Alamominsa su ne zafi ko jin wani abu na yawo a kai da wuya, ido na yin hazo, kasa fahimtar abin da aka karanta, mantuwa, da gyangyaɗi da zarar an buɗe littafi. Kun ga ai, kamar a ajinmu ya zauna ya rubuta. Shi a ganinsa, tushen abin shi ne karon da ke tsakanin karatun boko, wanda mutum ke yi shi kaɗai kuma da harshen da ba nasa ba, da rayuwar da yaron ya taso a cikinta ta cuɗanya da jama'a.

Gyaran da 'yan ƙasa suka yi

Masu binciken Najeriya ba su ce "tunda Bature ya faɗa, shi ke nan" ba. A 1980 Olufemi Morakinyo na Ile-Ife ya kawo wani bayani: ɗalibi mai yawan fargaba yana tsoron faɗuwa, sai ya sha abin hana barci ya kwana yana karatu. Rashin barci ya hana karatun zama, sai tsoro ya ƙaru, sai ya ƙara shan abin. To, mu duba kanmu. Nescafé kofi uku, goro, wasu ma har da ƙwaya, a kwana a aji har asuba. Alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana.

A 1982 kuma Peter Ebigbo na Enugu ya tsara jerin tambayoyi na koke-koken jiki irin namu, kamar zafi a ka da jin abu na tafiya a jiki, don a riƙa gane mai damuwa ko da bai ce yana cikin damuwa ba. Hujjarsa ita ce, tambayoyin da aka tsara a Turai ba sa kama yadda mutanenmu ke bayyana ciwonsu.

Wannan shi ne fannin da ke duba yadda damuwar rai ke fitowa a jiki, kuma ba tatsuniya ba ce. Idan mutum na cikin tsoro, jiki na sakin sinadaran adirinalin da kotisol. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, naman wuya da na kai ya ɗaure, ciki ya rage aiki. Idan tsoron na minti biyar ne, jiki zai sake. Idan na wata biyar ne fa? Sai ciwon kai, ciwon ciki da rashin cin abinci su samu wurin zama. Ciwon gaskiya ne, mai shi ba ƙarya yake yi ba.

Ciwon "namu" da ciwon "nasu"

A 1985 Prince ya sake wata maƙala da ta haɗa cututtuka biyu: gajiyar ƙwaƙwalwa da anoreksiya. Anoreksiya ita ce ciwon da mutum ke hana kansa abinci da gangan har ya rame ƙwarai. Likitan Ingila William Gull ne ya raɗa mata suna a 1873. Prince ya kalle su a matsayin cututtukan da al'ada ke haifarwa, ɗaya ta ɗaliban Afirka, ɗaya ta 'yan matan Turai da Amurka. A 1994 ma kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM, ya sa gajiyar ƙwaƙwalwa a jerin cututtukan da suka keɓanta da wata al'ada.

Amma wannan shinge bai yi ƙarko ba. A 1988 Famuyiwa ya wallafa rahoton 'yan Najeriya biyu masu anoreksiya. A 1993 Sing Lee da abokan aikinsa suka duba majinyata 70 a Hong Kong, suka tarar fiye da rabinsu ba sa maganar tsoron ƙiba sam, galibi kumburin ciki ko rashin jin yunwa suke kawowa. A tsibirin Fiji, inda ake yabon mace mai jiki, talabijin ya shiga wani yanki a 1995. Anne Becker ta gano cewa a lokacin babu ɗaliba ko ɗaya cikin waɗanda ta tambaya da ke tilasta wa kanta amai don rage ƙiba, amma zuwa 1998 sun kai kashi 11 cikin ɗari. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Oyedeji Ayonrinde ya nuna cewa Turawan Ingila sun yi ta amfani da sunan brain fag a kan kansu tun ƙarni na 19.

Ke nan ciwon da aka ce namu ne, su ma sun yi shi. Wanda aka ce nasu ne, mu ma yana kama mu. Abin da al'ada ke canzawa shi ne kalmomin da mai ciwo zai yi amfani da su, da kuma ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa. Ga darasi nan ga masu rubuta furojet: kada ka tsaya a maƙala ɗaya. Duba shekararta, ka nemi wanda ya goyi bayanta da wanda ya musa ta.

Ina abin ya shafe mu?

Ni daga yankin Alkalawa na fito, tsohon birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ƙasar da aka sani da bori tun zamanin da. A wurinmu idan asibiti ya ce bai ga komai ba, amsa na nan a shirye: iskoki. Ba na raina kowa, amma wata shida da za a yi ana neman wanda ya yi jifa, wata shida ne da ciwo zai yi yana cin mutum.

Sannan mu 'yan Sabon Birni da Isa muna ɗauke da kayan da ɗaliban Prince ba su ɗauka ba. Tun 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Gonaki da yawa sun gagara nomawa. Waya ta yi ƙara da dare, gabanka ya faɗi kafin ka duba lamba. Mai irin wannan hali idan ya kasa riƙe darasi, wallahi ba daƙiƙanci ba ne.

Game da abinci kuwa, mu bambanta abu uku. Na farko, wanda ba shi da abin ci. Wannan yunwa ce, maganinta taimako. Na biyu, wanda abinci na gabansa amma ba ya sha'awa, ga rashin barci da baƙin ciki. Wannan na iya zama ciwon damuwa. Na uku, mai gudun abinci da gangan, ko mai cin da yawa ya je ya yi amai a ɓoye. Wannan na uku kada a yi wasa da shi, domin anoreksiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa.

Akwai kuma na huɗu da ya fi yawa a nan: shan maganin ƙiba, wanda ake ce wa sha-ka-fashe. Sau da yawa akwai deksametason a ciki. Yana kumbura fuska, yana ta da suga da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, sai likita ya rage mata a hankali. Mai ƙin abinci don ta rame da mai shan ƙwaya don ta cika, duk bakin mutane ne ke kora su.

Abin yi

Fara da gwaji: maleriya, ƙarancin jini, hawan jini, suga, ido, da tarin fuka idan ana ramewa. Idan ba a ga komai ba kuma ciwo na nan, gaya wa likita halin da kake ciki a gida da makaranta, ba na jiki kaɗai ba. Ka yi barci aƙalla awa bakwai, ka rage kofi da goro, ka guji ƙwaya. Ku yi karatun rukuni, ku fassara wa juna darasi da Hausa. Idan abin ya wuce mako biyu, ko mutum ya fara maganar ya gaji da rayuwa, a raka shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Zuwa Kware ba shaidar hauka ba ce, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare haƙƙin mai neman magani.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su gayyato likita ya yi mana lacca a kan wannan kafin jarrabawa. Allah ya ba mu lafiya da sa'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.