Alamomin Tsufa da Abin da Suke Faɗa wa Mumini

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai juya dare da rana, wanda shuɗewar zamani ba ta rage Shi da kome. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan tsufa ne, da alamominsa, da abin da ya kamata Musulmi ya yi idan ya fara ganinsu a jikinsa. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana kuwa, wani abu ne da ya same ni kwanan baya.

Ina cikin koya wa ɗalibai nahawu a wata makaranta a nan Gusau, na ɗauki littafi irin mai ƙananan baƙaƙen nan na karanta wata jimla, sai na sa rufu'a a inda fataha take. Masu nahawu sun san abin da wannan ke nufi, watau na mai da wanda aka buga shi ne mai bugun. Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Allah gafarta Malam, kamar fataha nake gani." Na nisanta littafin daga fuskata har iyakar tsawon hannuna, sai ga fataha zaune daram. Shekara kusan 30 ina karantar da wannan babi, ban taɓa tuntuɓe a wurin ba sai ran nan.

Ba a yi mako biyu ba na shiga mota za ni Tsafe ta'aziyya, sai na ji yaron mota yana ce wa wani saurayi, "Kai, tashi ka ba Baba gaba." Na waiwaya ina neman Baban, ashe da ni ake. Allah Sarki! An haife ni cikin 1970, aka sa mu firamare cikin 1976, shekarar da aka buɗe ilmi kyauta ga kowa. Ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Jihar Zamfara daga ta Sakkwato, ina saurayi mai shekara 26, kuma ina tuna ranar kamar jiya. Yau ga shi muna koyarwa tare da malaman da ba a ko haife su ba a lokacin.

To, jama'a, wanda duk ya ba 50 baya ya san sauran labarin. Ya san ƙarar gwiwa wajen tasowa daga sujada, da barcin da ke yankewa tun kafin kiran assalatu, da sunan mutumin da ka sani sarai ya ɓace maka a daidai lokacin da kuka gaisa. Akwai kuma wadda ta fi waɗannan taɓa zuciya, ita ce ka duba sahun farko na masallacin unguwarku ka ga dattawan da ka taso ka tarar duk sun kau, kai ne a gurbinsu.

Alƙur'ani mai girma bai bar wannan al'amari ba bayani ba. A cikin Suratur Rum, aya ta 54, Allah Ya kasa rayuwar ɗan Adam kashi uku, watau raunin yarinta, da ƙarfin da ke biye da shi, sa'an nan wani raunin tare da furfura. A farkon Suratu Maryam kuma an ba mu labarin Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana ambaton raunin ƙashinsa da furfurar da ta game kansa yayin da yake roƙon Ubangijinsa magaji. Mu lura, bai ɓoye tsufansa ba, kuma tsufan bai sa ya yanke ƙauna ba. A cikin Suratu Faɗir, aya ta 37, an nuna cewa za a kafa wa 'yan wuta hujja da tsawon ran da aka ba su, da mai gargaɗin da ya je musu. Mafi yawan malaman tafsiri sun ce mai gargaɗin nan Manzon Allah ne, amma waɗansu magabata sun fassara shi da furfura. Ashe ke nan farin gashin nan da muke gani a madubi ɗan aike ne, ya zo da saƙo.

Tirmizi ya ruwaito cewa shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ne ke wucewa. Buhari kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda Allah Ya jinkirta masa har ya kai 60 ba shi da sauran hanzari. A nan akwai wani lissafi da mutane da yawa ba su kula da shi ba. Shekarar da hadisi yake nufi ta wata ce, mai kwana 354, wadda ta gaza ta Bature da kwana 11. Saboda haka kowace shekara 33 ta Bature daidai take da 34 ta Musulunci. Mai shekara 58 da 'yan watanni a takardar haihuwa ya riga ya cika 60 a lissafin Hijira. Ni da nake cewa 55 gare ni, na kusa 57 ban sani ba. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi wafati yana da 63. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, an haife shi cikin 1754, ya rasu cikin 1817. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno cikin 1837 bai kai 60 ba. Mu dubi aikin da suka bari, sa'an nan mu dubi namu.

Idan ɗan aiken nan ya iso, mutane sukan faɗa cikin ɗayan kuskure biyu. Na farko shi ne a yi masa kunnen ƙashi. Wani ya zauna gaban madubi yana tsige furfura ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hani a kan haka, aka kuma siffanta ta da cewa haske ce ga Musulmi. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Annabi Ibrahim ne farkon wanda ya ga furfura, da aka sanar da shi cewa kwarjini ce sai ya roƙi ƙari. Game da rini kuwa, Muslim ya ruwaito cewa ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, an zo da Abu Kuhafa, mahaifin Sayyadina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, aka yi umurni a sauya launinsu amma a nisanci baƙi. A mazhabarmu, kamar yadda ya zo a Risala, rini da baƙi makaruhi ne, na lalle kuwa babu laifi. Amma wanda ya rina gemu domin ya yaudari yarinyar da yake nema da iyayenta, wannan ya shiga babin algus. Haka nan wanda ya je ya yi rantsuwa ya rage shekarunsa a takardar aiki don gudun ritaya. Ya tauye hakkin na bayansa, kuma littafin da ke hannun mala'iku ba a kankare shi.

Kuskure na biyu shi ne karyewar zuciya. Za ka ga dattijo ya daina zuwa jam'i domin kunyar a gan shi yana salla a zaune, ko ya matsa wa kansa azumin da likita ya hana shi har ya faɗi. Shari'a kuwa ta riga ta yi wa kowane rauni tanadi. Imrana ɗan Husaini ya kai kukan basur, Annabi ya umurce shi ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Littafin Ahlari da muka karanta a zaure tun muna yara ya jera matakan: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, kuma bin wannan jeri wajibi ne a sallar farilla. Saboda haka wanda zai iya tsayuwa amma ba ya iya sujada, kada ya zauna a kan kujera tun daga kabbarar harama. Ya tsaya inda zai iya, ya zauna inda ya kasa. Tsohon da azumi ya gagara ya sha, an so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana, kamar yadda Anas ɗan Malik ya ciyar da miskinai da ya tsufa. Wanda yoyon fitsari ya lizimce shi, alwalarsa ba ta warwarewa da shi, sai dai an so ya sabunta ta ga kowace salla. Daɗin daɗawa, Buhari ya ruwaito daga Abu Musa cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Sai dai a lura da sharaɗin: abin da ya saba yi. Wanda bai shuka ba da damina, ba shi da abin da za a auna masa da kaka.

Har ila yau, wajibi ne mu rarrabe tsakanin tsufa da cuta. Hadisin Usama ɗan Sharik ya yi umurni da neman magani, ya nuna kowace cuta tana da nata, ban da tsufa. Raunin ganin abin da ke kusa, wanda yakan fara bayan shekara 40, tabarau ne gyaransa, kuma ni ma yanzu na yanka. Yanar ido ana cire ta a asibiti mutum ya koma yana karatun Alƙur'aninsa. Hawan jini da ciwon sukari sukan daɗe a jiki ba su yi motsi ba, sai awo ke tona su. Kada a ce wai tsufa ne a zauna, domin Muhammadu Bello kansa ya yi rubutu a kan maganin ido da na basur. Amma mai lasifika a kasuwa da ke cewa yana da garin da zai mai da ɗan 70 ɗan 20, hadisin nan ya riga ya ƙaryata shi.

Yanzu sai mu zo ga alamar da ba a gani a madubi, wadda ita ce mafi haɗari. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa ɗan Adam yana tsufa alhali abu biyu suna ƙara ƙuruciya a cikinsa, watau kwaɗayin dukiya da dogon buri. Na auna wannan a kaina na tarar gaskiya ne. Gwiwar da ke yi mini nauyi wajen nafila ba ta taɓa hana ni zuwa duba fili ba. Na san wani dattijo a wajen Bungudu, Allah Ya jiƙansa, da ya karɓi jinginar wata gona a fadama, ba takarda, shaidu biyu kuma duk suka riga shi rasuwa. Kullum yana cewa bayan kaka zai tara yara ya yi musu bayani. Ya ga kaka ta fi goma bai yi ba. Yau 'ya'yansa sun ce gado ce, 'ya'yan mai gona sun ce jingina ce, gidaje biyu da suka haɗa kaka ɗaya ba sa gaisawa.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Hadisin Abdullahi ɗan Umar kuma ya nuna bai kamata mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. To, ya ɗan'uwa mai furfura, ka ɗauki alƙalami a daren nan. Ka rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, da ajiyar da ke hannunka, da gonar aro da ta jingina, da dukiyar marayu in kana riƙe da ita, da sauran sadakin da ba ka cika ba, ka kafa shaidu. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Ka lissafa ramuwar salla da azumi da zakkar da ta wuce ka. Wanda kuka yi shekaru kuna gaba, ka taka ka same shi tun ƙafa tana ɗaukarka. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali, barinta kuma ba ya kore shi.

Ku kuma samari, kada ku ce wannan darasi na tsofaffi ne. A 'yan shekarun nan na rashin tsaro, mun yi jana'izar matasa da yawa a ƙauyukanmu waɗanda ba su kai ga ganin furfura ko ɗaya ba. Wanda aka aiko wa gargaɗi an yi masa gata. Ku girmama masu furfura, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa yin haka yana daga girmama Allah. Limamai kuma su sassauta, domin a bayansu akwai tsoho da mai rauni. Ni dai yaron nan da ya gyara mini fataha na sa masa albarka a gaban 'yan ajinsu, domin ya karantar da ni babin da ba ya cikin littafin.

Allah Ya sa mu cikin waɗanda ransu ya yi tsawo aikinsu ya yi kyau. Ya tsare mu daga ƙasƙancin tsufa, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani, amin. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba hakkin iyaye a kan 'ya'yansu idan girma ya kama su. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.