Yadda Za Ka Gano Dalilin da Ya Sa Motarka ke Zuƙar Fetur, da Wayarka da Ƙaramar Mita

Darasin yau ya samo asali ne daga Golf 3 ta kawuna, wadda yake jigilar fasinja da ita tsakanin Karaye da Rogo. A hunturun bara ta fara shan mai fiye da ƙima, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. An canja filogi sau biyu, an wanke injekta, har wani bakanike ya ce a cire injektan a sa kafireto. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, direban haya ba ya iya jure irin wannan asara. Shi ya sa na ce a tsaya mu auna tukuna.

Mene ne matsalar?

Injin fetur yana son nauyin iska 14.7 a kan nauyin mai 1. Idan mai ya fi haka, ba ya ƙonewa duka. A motar injekta, ƙaramar kwamfuta ce ke yanke yawan man da za a fesa, kuma ba ta ganin komai da kanta, abin da sansa suka gaya mata take bi. Ga mu masu rubuta manhaja wannan sananne ne: ka ba kwamfuta bayanin ƙarya, ta ba ka sakamakon ƙarya.

Alamomin su ne baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur, filogi mai busasshen baƙi kamar gindin tukunya, da rawar inji a silo. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, wannan wata matsala ce daban.

Kayan aiki

Akwai ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ake soka wa a soket mai rami 16 da ke kusa da sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Sai ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner. Amma ka kula: tsarin OBD2 ya zama dole a Amurka daga 1996, a motocin fetur na Turai kuwa sai 2001. Saboda haka yawancin Golf 3 da suka zo daga Turai ba sa magana da wannan na'ura, sai wayar KKL da manhajar VCDS a kwamfuta. Idan ba ka da su, mitar masu gyaran waya ta isa ga babban gwajin.

Abin da za ka karanta

1. Lambar matsala. P0172 na nufin mai ya yi yawa.

2. Zafin ruwan inji. Da safe kafin a tayar, ya kamata ya yi daidai da zafin gari. Bayan tafiya mai ɗan nisa ya kai wajen digiri 85 zuwa 95. Idan inji ya yi zafi amma waya na nuna 30, sansa na ƙarya, kwamfuta kuma za ta ci gaba da ƙara mai tana zaton inji bai ɗumama ba.

3. LTFT, wato gyaran da kwamfuta ke yi wa yawan mai. Kusa da sifili lafiya ne. Idan ya wuce -10%, kwamfuta na ta rage mai ne saboda yana shigowa fiye da yadda ta umarta.

4. Sansan iskar salansa. Mai lafiya yana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Idan ya tsaya a sama, mai ya yi yawa. Idan ya maƙale a ƙasa alhali hayaƙi baƙi ne, ko dai ya mutu, ko salansa ta huje a gabansa, sai kwamfuta ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara.

Ka bi daga mai arha zuwa mai tsada

Fara da matatar iska. Ƙurar hanyoyin ƙauyukanmu na toshe ta da wuri. Golf 3 mai inji 1.8 da injekta guda ɗaya ba ta auna iskar da ke shiga kai tsaye, tana ƙiyasi ne daga buɗewar totur da gudun inji, don haka toshewar matata na damun ta sosai.

Sai sansan zafin ruwa. Kashe mota, zare soket ɗinsa, ka sa mita a ma'aunin om. Irin na Bosch yana ba da kusan 2,500 a digiri 20, ya sauka zuwa wajen 300 a digiri 80. Idan inji ya yi zafi adadin bai sauka ba, canja shi.

Sai tamostat. An saba cire shi da sunan hana zafi, amma ba tare da shi ba inji yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu.

A motoci masu injekta huɗu, zare siririn tiyo da ke kan na'urar daidaita ƙarfin mai. Idan ka ga fetur a ciki, robarta ta fashe. Injekta mai ɗiga ita ce ta ƙarshe, wannan aikin bakanike ne.

Kada ka buɗe lagireto inji na da zafi, kuma kada a kunna wuta ko sigari a kusa.

A motar kawu, mun auna sansan bayan ya dawo daga Rogo, inji da zafi, mita ta nuna sama da 2,000. Tamostat ma babu shi. Muka sa sababbi, muka canja matata, muka juye baƙin mai domin yana warin fetur, wanda ke nufin ya tsinke, zai iya cinye inji. Hayaƙin ya ɗauke, kuma injektan na nan a wurinsa.

Kafin ka yarda a cire maka wani abu a mota, ka nemi a nuna maka lambar da ta tabbatar ya lalace. A darasi na gaba za mu ga yadda ake haɗa ELM327 da waya mataki-mataki, in sha Allah.