Jijiyoyin Saƙo Da Aikinsu A Jikin Ɗan Adam

In mutum ya taka garwashi, kafin ya ce wayyo ƙafarsa ta riga ta ɗaga. Abin da ya kai labarin, ya komo da umurni cikin ƙiftawar ido, shi ne jijiyoyin saƙo. Waɗannan dabam suke da jijiyoyin jini, ko da yake suna ɗaya Hausa ta ba su. Fararen zare ne, ba su ɗauke da kome sai saƙo.

Ƙwaƙwalwa da laka su ne hedkwata. Daga ƙwaƙwalwa jijiyoyi 12 ke fita ta dama, 12 ta hagu, yawancinsu suna kula da gani da ji da sansana da ɗanɗano da motsin fuska. Daga laka kuwa, wadda ke cikin ƙashin baya, 31 ne ta kowane gefe. Suna rarrabuwa kamar saiwar itace har su kai yatsu. Waɗansu labari suke kaiwa, waɗansu umurni suke kawowa ga tsoka, mafi saurinsu kuma kan wuce mita 100 a daƙiƙa guda. A zancen garwashin nan laka ce ta yanke hukunci, ƙwaƙwalwa daga baya ta sami labari.

Akwai kuma wani rukuni mai cin gashin kansa, wanda ba ya jiran izinin mai jiki. Shi ke daidaita bugun zuciya, da narkar da abinci, da fitar gumi, ko mutum na farke ko yana barci. Kashi biyu ne. Alal misali, manomi ya ci karo da kububuwa a kunya: nan take zuciyarsa ta shiga dukan uku-uku, bakinsa ya bushe, gumi ya keto masa, hanji ya dakata da aiki domin jini ya tafi ga tsoka. Wannan aikin kashi na farko ne. In ya koma gida ya ci tuwo ya kishingiɗa, sai kashi na biyu ya karɓa, ya sassauta zuciya, ya tada ciki ga aikinsa.

Abin da ya kamata jama'a su lura da shi shi ne, jin zafi gata ne. Ƙwayar cutar kuturta, wadda Likita Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873, waɗannan jijiyoyi take kamawa, musamman na fata da hannu da ƙafa da fuska. Alamarta ta fari sau da yawa tabo ne mai haske a fata, wanda ba ya jin taɓi, ba ya kuma gumi, watau rukunan biyu duk sun taɓu. Ba cutar ce ke cinye yatsu ba, kamar yadda aka ɗauka. Ƙuna ce da ƙaya da gyambo, waɗanda mai su bai ji ba balle ya yi magani. Ciwon sukari ma, in ya daɗe ba kulawa, haka yake yi, yakan faro daga yatsun ƙafa.

Kuturta tana warkewa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su, a sha wata 6 ko 12. Amma magani ƙwayar cuta yake kashewa, ba ya ta da jijiyar da ta mutu. Wadda ta sami rauni ma, in za ta tofo, kamar milimita ɗaya take yi a rana. Saboda haka duk wanda ya ga irin wannan tabo, ko ya ji ƙafarsa ta riƙa mutuwa, lalle ya je asibiti ba da jinkiri ba. Mai ciwon sukari kuma ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, kada ya yi tafiya ba takalmi, ya gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu kafin ya tsoma ƙafa.