Darasin Kasuwanci: Kayan Sallah Daga Riba Suke Fita, Ba Daga Uwar Kuɗi Ba

Tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano Hausawa fataken goro suka kafa zango a Agege. Har yau magidancin da ke nema a can, ko Mile 12, ko Idi-Araba, gida biyu yake riƙewa: iyalin da ke tare da shi, da iyaye da dangi a Arewa. Da Sallah ta gabato kowane gida kan zuba ido, ga kuma bikin ranar haihuwa da yara suka koyo a makarantun Legas.

Wannan nauyi ya ƙaru tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ko da saurin hauhawar ya ragu, wannan ba ya nufin kaya sun koma tsohon farashinsu.

Babban kuskuren ƙaramin ɗan kasuwa shi ne ɗibar uwar kuɗi domin fita kunya. A ɗauki misalin mai sayar da albasa da jarin Naira 500,000, wanda yake juya shi kowane mako da ribar kashi goma cikin ɗari, wato Naira 50,000. Idan ya zari Naira 150,000 ya yi kayan Sallah, ribarsa za ta koma Naira 35,000. In bai cike giɓin ba har mako goma, ya yi asarar wata Naira 150,000. Ke nan ya biya kyautar sau biyu. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kuwa kusan mako goma ne cif, don haka layya za ta riske shi bai farfaɗo ba.

Maganin farko shi ne tanadi. Daga Babbar Sallah zuwa Ƙaramar da ke biye akwai kwana 280 da 'yan kai. Wanda ya riƙa ware Naira 500 kullum daga riba, a asusu ko adashe, zai tara Naira 140,000 ba tare da ya taɓa jari ba.

Na biyu, kada a bar kuɗin kwance, domin hauhawar farashi na cin darajarsu. Gara a mayar da su kayan da ba sa lalacewa, kamar atamfa, shadda da takalma, a kai wa tela tun kafin azumi. Kason mutanen gida kuma, a aika kuɗi a saya masu a Kantin Kwari, a huta da kuɗin mota.

Na uku, a jera haƙƙoƙi bisa matsayinsu. Zakkar fidda-kai ce a gaba, sai suturar mata da 'ya'ya, sai iyaye, sannan goron Sallah na yaran dangi da maƙwabta. Layya tana kan mai hali, naman da aka raba kuma ya wadatar a matsayin kyauta. Bikin ranar haihuwa ba dole ba ne. Littafi ko jakar makaranta da dama za a saya wa yaro sun isa.

Na huɗu, mai hatsi ko goro ya yi kyauta daga hajarsa, tunda a farashin sari ta zo masa, amma ya rubuta ta a littafi kamar kayan da aka sayar, ya biya shago daga tanadinsa.

Daga ƙarshe, ya kamata 'yan uwa da ke Legas su haɗa kuɗi su yi wa iyaye kyauta guda mai tsoka, su kuma sanar da gida gwargwadon ƙarfinsu tun da wuri. Dangin da suka sami kaɗan bana za su sake samu baɗi, muddin jari na nan.