Amsoshin Tambayoyinku: 'Yata Ta Ƙaurace wa Abinci, Wai Tsoron Ƙiba Take Yi

TAMBAYA

'Yata shekarunta 15, tana aji huɗu na sakandare. Wata biyar ke nan tana rage cin abinci. Da fari ta bar tuwon dare, sannan ta bar duk abin da aka soya, yanzu sai ta wuni da ruwan shayi da rabin kokwamba. Ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta, amma sai ta tsaya gaban madubi ta ce ita ƙatuwa ce. Na tarar da shinkafar da na zuba mata a ƙulle cikin leda a ƙarƙashin gado. Wata uku ba ta ga al'adarta ba. Kakarta ta ce shafar aljanu ce, mahaifinta ya ce taurin kai ne. Mene ne wannan, kuma yaya zan yi?

Daga wata uwa a Zariya

AMSA

Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya, ke kuma Ya ƙara miki haƙuri. Ba a tabbatar da ciwo ta wasiƙa, sai likita ya gan ta. Amma ƙin abinci da gangan, rama mai tsanani, ganin kai da ƙiba alhali ƙasusuwa sun fito, da ɗaukewar al'ada, duk alamomi ne na cutar da ake kira anoreksiya. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, sai dai a bakin kwano yake bayyana. Wani likitan Ingila, William Gull, shi ya raɗa mata wannan suna tun 1873, kuma ta fi kama 'yan mata a shekarun balaga, kodayake samari ma ba su tsira ba.

Na san za a ce wannan cutar Turawa ce, mu da muke yabon mace mai jiki, har wasu 'yan matanmu suna shan "sha ka fashe" don su yi ƙiba. Haka mutanen tsibirin Fiji suke da, suna son cikar jiki. A 1995 talbijin ya shiga wani yankinsu. Wata likitar Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta bibiyi 'yan matan makaranta a can: a shekarar farko babu ko ɗaya da ta ce tana sa kanta amai don rage nauyi, amma zuwa 1998 fiye da ɗaya cikin goma sun amsa suna yi. Yau abin da ya fi talbijin yana tafin hannun 'ya'yanmu. Sai dai waya ita kaɗai ba ta haddasa cutar. Akwai gado, akwai halin son komai ya fita tsaf, akwai damuwa, sannan akwai zolaya: "Ke buhu!" ɗaya daga bakin ƙawa ko gwaggo kan zauna a zuciyar yarinya shekaru.

Ki gaya wa mahaifinta cewa mai taurin kai in ta ga dama za ta bari, ita kuwa wannan ba ta iyawa. Tsoro ne na gaske yake kama ta a gaban abinci, kuma yunwar da kanta tana ƙara daskarar da tunani, sai ciwon ya riƙa ciyar da kansa. Jiki in ya rasa abinci sai ya shiga tsimi: ya dakatar da al'ada, ya rage bugun zuciya, yarinya ta riƙa jin sanyi ko da zafin bazara, gashinta ya riƙa zuba. Kusan rabin ƙarfin ƙashin mutum a shekarun nan ake gina shi, kuma abin da aka rasa yanzu da wuya ya dawo duka. Cikin cututtukan ƙwaƙwalwa, wannan tana sahun gaba wajen kisa. Ban faɗa don in tsorata ki ba, sai don kada a jira.

A makon nan ki kai ta babban asibiti. Kuna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Za a duba nauyi da bugun zuciya da jini, a kuma kawar da wasu abubuwan da ke kawo rama, kamar tarin fuka, ciwon suga, gyambon ciki da matsalar maƙoƙo. Ki faɗa wa likita komai, har ledar nan ta ƙarƙashin gado. In ta suma, ko zuciyarta na bugawa ba daidai ba, ko ta ƙi ko da ruwa, ko ta ambaci gajiya da rayuwa, a ranar za a tafi, ba sai gobe ba.

Kada a yi mata ɗura. Jikin da ya daɗe da yunwa, in aka cika shi lokaci guda, gishirin jini na iya rikicewa har ya taɓa zuciya. A hankali ake ƙarawa, bisa tsarin likita. Hanyar da ta fi yi wa matasa aiki, wadda aka samar a asibitin Maudsley na Landan, iyaye ta ɗora wa ragamar abinci. Ke za ki zuba, ki zauna kusa da ita har ta gama, sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, ba faɗa, ba gori, ba kuma ciniki. Ki ci gaba da zama da ita kamar awa ɗaya bayan ci, don wasu kan zagaya su amayar. Ki duba ko tana ɓoye shayin rage ƙiba ko maganin gudawa. Azumin nafila ma a jingine shi tukuna, marar lafiya Allah Ya yi masa rangwame.

Abincin gidanmu ya isa. Budurwa mai shekarunta na bukatar sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 15 a rana, kuma ana samun sa a hanta, nama, wake, gero, zogale da alayyafo. A haɗa da lemo ko gwaiba don jiki ya fi tsotsa, a nisanta shayi da lokacin cin abinci. Nono da kindirmo don ƙashi, barcin awa 8 zuwa 10 don ƙwaƙwalwa.

Ita kuwa Kaka, a roƙe ta ta dage da addu'a, a kuma tafi asibitin, ɗaya ba ya hana ɗaya. A daina zancen jikin kowa a gidan, yabo ko kushe. Da dare ki kira 'yarki ɗaki ku biyu, kada ki fara da maganar abinci. Ki ce, "Na ga kina shan wahala, kuma ina tare da ke." Wataƙila ta musa, wataƙila ta yi fushi, ciwon ne ke magana. Yawancin matasan da aka tara da wuri suna warkewa, amma sai an yi watanni ana fama. Idon da kika sa har kika gano ledar nan, shi ne farkon maganinta. Allah Ya sa kaffara ne.