Gane Ma'anar Turanci Ta Duban Maganar da ke Kewaye

Wannan darasi domin hakimai da malamansu na ƙasar Karaye da Rogo ne, da masu shirin jarrabawar Turanci.

Kalmar Turanci guda takan ɗauki ma'ana biyu ko uku. Saboda haka kada malami ya fassara jimla sai ya duba abin da ya gabace ta da abin da ya biyo baya.

A ce an rubuto wa hakimi daga wani ƙauye kusa da madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama a 1992, cewa "The bank has collapsed." Mai garaje sai ya ce bankin ajiyar kuɗi ya karye. Amma in takardar ta ambaci ruwan sama da gonaki, to, gaɓar kogi ce ta zabtare, watau sai a gaggauta kwashe mutanen bakin ruwa. Haka "fine": a gaisuwa lafiya ce, a takardar alƙali kuwa tara.

Ga hanya: karanta takardar duka tukuna. Tambayi kanka, wa ya rubuto, a kan me? Sa'an nan sa ma'anar da ka zata, ka maimaita jimlar. In ta zauna daidai, ka dace.

Aiki: bambanta "village head" da "forty head of cattle."