Idan Karya Ta Kasa Ɗaukar Ciki, a Duba Namijin

Mafarauci ko makiyayin da ke da kare nagari yakan so ya sami irinsa. Sai a kawo karya a yi barbara, a jira kwana 63, a ji shiru. Nan da nan sai a ɗora wa karyar laifi. Sau da yawa kuwa matsalar tana wajen namijin.

A cikin maniyyin kare akwai miliyoyin ƙwayoyi. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da kai da wutsiya, kamar talibambam. Da wutsiyar take iyo har ta isa ga ƙwan da ke cikin karya. Amma ba duka ne ke fitowa lafiya ba. Wata kai biyu gare ta, wata wutsiyarta a naɗe, wata kuma kan ya rabu da wutsiyar. Irin waɗannan ba sa kai labari. A kare mai lafiya, kamar 80 cikin 100 masu kyau ne. In masu kyau suka gaza 60, samun ciki yakan yi wuya.

Babban abin da ke lalata su shi ne zafi. Shi ya sa maraina suke rataye a waje, inda ya fi cikin jiki sanyi. Zazzaɓin da kaska ke kawowa, ko cizo a maraina wajen faɗa, ko ɗaure kare cikin rana a bazara, duk suna iya ɓata su. A nan ne mutane ke yin gaggawa. Jikin kare yana ɗaukar kimanin wata biyu kafin ya yi sababbin ƙwayoyi. Saboda haka karen da ya warke yau, ko da yana ci yana gudu, maniyyinsa bai warke ba tukuna. A ba shi wata uku kafin a yanke masa hukunci.

Akwai kuma cutar da ba ta jin haƙuri. 'Yar'uwar bakkale ce ta shanu, an gano ta a karnuka a Amurka a 1966. Tana kumbura maraina, daga baya su shanye, karya kuma ta yi ɓari gab da haihuwa. Wajen barbara ake ɗaukarta, kuma tana kama mutum. Kada a taɓa abin da karya ta ɓarar da hannu tsirara. A haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu.

In aka ga jini yana ɗiga daga gaban kare, mai yiwuwa tsiro ne da karnuka masu yawo ke shafa wa juna. Wannan yana warkewa da allurar mako-mako a asibitin dabbobi. Sai dai a hana shi barbara har ya warke.

Kwikwiyon da ya kai wata shida ɗan marainansa ɗaya ko duka biyun ba su sauko ba, kada a riƙe shi don iri, domin abin gado ne. A kai wa malamin dabbobi ya fiɗiye shi. In kuwa ana son gwajin maniyyi, malamin zai iya tura mai kare asibitin koyarwa na likitocin dabbobi, kamar na Zariya ko na Sakkwato.